Kwanukan Aro da Allurai Goma Sha Biyu

Kwana uku kacal Muttaƙa ya yi a Damagaram, amma da ya sauko daga mota a Mallawa sai ka rantse shekara bakwai ya yi a ƙasar Faransa. Wata ƙungiya ce ta tara matasa ta yi masu formasiyo, wato horo, kan sana'ar hannu. An ba su shinkafa da kaza sau biyu a rana, aka sallame su da hula mai baki da takardar shaida. Takardar ya sa ta a leda ya rataya a wuya kamar laya.

Bai ma wuce gida ba. Rumfar Sule tela ya fara sauka, da yake nan ne labari yake kwana ɗaya ya gama gari.

"Baba Sule, daga yau a daina ce mini Muttaƙa. Fe-De-Je za a riƙa cewa."

"Fe me?"

"Fe-De-Je. Shugaban kamfani ke nan."

"To madalla. Ina kamfanin?"

Muttaƙa ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. "Yana nan ciki."

"Na ko ji yana amsa kuwwa," in ji Sule. "Ba a zuba kaya ba tukuna."

Masu jiran ɗinki suka kwashe da dariya. Muttaƙa bai kula ba. Ya zaro salula ya nuna masu bidiyon wata Baturiya da ta ɗauki tsohon kofin shayi mai ɓallen baki, ta cusa auduga a ƙyalle, ta ƙulle, ta manna shi cikin kofin, ta soka allurai a kai. Abin ya yi das kamar curin fura da aka sa wa riga.

"Matashin allura!" in ji Muttaƙa. "Shara ta zama dukiya. Kai Baba Sule, a ina kake ajiye allurarka?"

Sule ya taɓa gefen hularsa, inda allura guda take soke da ɗan zare yana reto. "Shekara talatin nan take kwana."

"Ka gani! Irinku ne suka hana Afirka ci gaba. Teloli nawa ne a Mallawa? Ga na Dungas, ga na Magarya, in mun tsallaka iyaka ga Kano tana jira. Kowane tela zai sayi biyu, ɗaya na aiki, ɗaya na ranar Juma'a. Kafin damina ta kama sai dai ka ganni a bayan mota, direba a gaba."

"Allah ya sa motar tana da birki," in ji Sule, ya ci gaba da taka kekensa.

A gida kuwa hidima ce ta taso. Rahila, matar yayansa Hammadu, ta haifi namiji, saura kwana huɗu suna. Mahaifiyarsu, Inna Ɗela, ba ta zama. Wata huɗu ta yi tana kiwon ragon sunan da dusar gero, har ya yi wuya ya yi ƙirji, ya zama ba ya gaisawa da kowa. Kumandan ake ce masa. In aka makara da dusarsa, tsakar gida ba ta takuwa.

Muttaƙa ya sayo tsofaffin kofuna uku wurin mai gwanjo, ya roƙo ƙyallaye a rumfar Sule, ya dafa ƙaro don mannewa. Saura abin cusawa. Auduga babu. Sai ya farke matashin kan Inna. Audugar rimi ta tashi ta cika gida fari fat, masu zuwa barka suka dinga atishawa bi da bi kamar ana kiran suna a lakwal, makarantar boko.

"Kai Muttaƙa! Matashin nawa?"

"Inna, gwaji ne. Ba a kamfani sai da gwaji."

"To ka gwada kan ubanka mana!"

Ya koma yashi. Yashi ya fi ƙarfin ƙyalle, ya ɓarke daidai lokacin da ya ɗaga shi sama yana nuna wa mata, a kan tukunyar kunun mai jego. Ranar Rahila da ƙaras-ƙaras ta sha kunu.

Yana gudun muciyar Inna ya faɗa ɗakin ajiya, ya ci karo da buhun dusar Kumandan. Ya damƙo, ya matsa, ya ji ta da laushi, ga ta kyauta. Ya cusa a ƙyalle, ya ƙulle, ya manna a kofi. Kai, abin ya zauna! Ya fi na Baturiya kyau. Ya yi tsalle sau uku shi kaɗai.

Amma kofi uku ba ya yin kamfani. Yana juyawa, sai ga su a lungu, tsibi guda: tsofaffin langa, kwanukan sha da fentinsu ya zube, faranti mai lanƙwasa, samira marar hannu, har da kofunan silba da suka yi baƙi. Guda arba'in da ƴan kai.

Duk wanda ya taɓa sa ido a harkar mata a Mallawa ya san wannan tsibi. In suna ya taso, kowane gida sai ya aiko da aron kwano don rabon abinci. Kuma ba mai aiko da sabo. Sababbi na jere ne, ba sa fita ɗaki. Tsohon da ya saba yawo shi ake bayarwa, kowace mace da shaidarta a gindinsa: wata ɗigon jan farce, wata layi biyu na koren fenti, wata ta karce da ƙusa. An gama biki, a juya gindi, kowa ta ɗauki nata. Kwano ɗaya ya ɓata a hannunki, sai a shekara ana yi maki gori a bakin rijiya, kuma ranar bikinki na gaba sai dai ki raba tuwo a tafin hannu.

Muttaƙa bai san wannan ba. Shi abin da ya sani game da kwano shi ne ana kawo shi cike a ɗauke shi wofi.

"Allahu akbar!" ya ce. "Inna tana kwana da arziki ba ta sani ba."

Ya kwashe su kaf zuwa kangon bayan gida, da buhun dusa a kafaɗa. Kwana biyu yana cusawa, yana ƙullewa, yana mannewa. Ƙaro ya manne masa yatsu har sai da ya ci tuwo da bayan cokali. Da ya juya gindin kwanukan ya ga ɗige-ɗige da karce-karce, sai ya yi tsaki.

"Ƙazanta. Kiliyan ba zai sayi wannan ba."

Ya samo shuɗin fenti ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya shafe.

Ranar kasuwa ta faɗo jajibirin suna. Da hantsi ya loda kayansa a amalanken maƙwabci ya bi ta bayan gida. Abin da bai lura da shi ba, matashi ɗaya ya fashe a ƙasan kaya, dusa tana tsiyaya siriri tun daga ƙofar kango har cikin kasuwa. Kumandan kuwa kwana biyu ke nan ana ba shi haƙuri da busasshiyar harawa, Inna tana ta tsine wa ɓeraye.

A gaban rumfar Sule ya shimfiɗa tabarma ya jera kaya sahu-sahu.

"Baba Sule, a ba ni aron allurai na talla."

Sule ya buɗe sabuwar takardar allurai ya ƙirga a tafinsa. "Goma sha biyu ne. Goma sha biyu nake son gani da la'asar."

Muttaƙa ya soka su a sahun gaba, kunne a ƙasa, tsini a sama.

"Kai, a kife ake soka allura?"

"Dabarar talla ce, Baba. Kiliyan ya ga tsini yana ƙyalli, sai zuciyarsa ta motsa. A formasiyo aka koya mana."

"A rana ta nawa?"

"Ta uku."

"Ashe lokacin kaza ta hau kai."

Sule ya ga matashin da ya fashe yana zubar da abin cikinsa. Ya zare allura guda daga sahun, ya ɗinke masa bakin, yana yi yana tsaki.

Muttaƙa ya hau kan turmin wata mai fura ya buɗe murya. "Jama'a ku matso! Teloli, masu saƙa, matan aure! Zamanin ɓatan allura ya wuce! Fasahar Turai, aikin Mallawa!"

Mutane suka taru. Wani dattijo ya sunkuya ya latsa ɗaya da sanda. "Ɗan nan, tuwon me ne wannan ake sa masa riga?"

"Ba tuwo ba ne, Baba, matashi ne."

"A kwano? Wa ke da kan da zai shiga nan?"

Wata mai tallan nono ta ce in maganin kambun baka ne a ba ta ɗaya, amma ba ta son mai ƙaya. Wani tela daga Dungas ya ɗauki ɗaya ya sansana, ya sake sansanawa.

"Malam, wannan ai ƙamshin garke yake."

"Ƙamshin halitta ne," in ji Muttaƙa. "Turawa kuɗi suke biya don shi."

Bai rufe baki ba sai aka ji ihu daga bakin kasuwa. Masu tumatir suna ɗage trayinsu, masu gyaɗa suna rungume buhu. Sai ga Kumandan, guntun igiya yana ja a wuyansa, hancinsa a ƙasa yana bin layin dusa kamar mai karatu da yatsa. A bayansa awaki ne daga kara, kasuwar dabbobi, sun kai ashirin, sun ga babba ya san hanya sun biyo. A bayan awaki Hammadu ne da sanda. A bayan Hammadu Inna Ɗela ce, mayafi a hannu. A bayan Inna kuwa matan unguwa ne gaba ɗaya, ƙarƙashin Gwaggo Hindatu, wadda ita ce uwar biki a duk hidimar unguwar, da muryarta da ake ji daga wancan gari. Tun safe suke neman kwanukan rabo, har sai da matar mai amalanke ta ce ta ga abin da aka loda.

Kumandan bai yi sallama ba. Ya kafa haƙori a matashin farko ya yaga, dusa ta tashi. Awaki suka rufa. Ƙyallen atamfa yana tashi sama, kwanuka suna gangarawa ƙwal-ƙwal-ƙwal ta ƙarƙashin rumfuna, wata akuya ta cusa kai a samira ta kasa fitarwa, ta shiga layin masu yaji a guje.

"Kayan kamfani ne! Kayan kamfani ne!" Muttaƙa ya diro daga turmi ya kama ƙahon Kumandan.

Kumandan ya dube shi. Ya ja da baya taku uku, cikin natsuwa, kamar mai shirin gaisuwa. Sannan ya zo.

Muttaƙa ya tashi sama, hula ta yi gabas, shi ya yi yamma, ya sauka zaune daɓas a kan sahun gaba.

Bai yi ƙara ba. Ya miƙe zumbur, ya tsaya cak kamar soja a fareti, idanunsa sun fito, bakinsa a rufe gam.

Da ƙyar aka kore awaki, Hammadu ya riƙe Kumandan. Mata suka bi kwanuka suna tsincewa. Gwaggo Hindatu ta juya gindin langa, ta ga shuɗi. Ta juya wani, shuɗi. Ta juya na uku.

"La'ilaha illallahu! Ɗela, ɗanki ya shafe mana shaida! Yau wa zai san nasa?"

Inna ta dafe ƙirji. Amma wata tsohuwa ta fizge wani kwano daga tsibin ta ce, "Wannan nawa ne, ko da kwalta aka shafe shi. Ga lanƙwasar ranar da na jefi shaho."

"Wancan marar hannun nawa ne," in ji wata. "Maigida ne ya zauna a kai shekarar fara."

"Ku ba ni mai huda biyun nan, da shi na yaye ƴaƴa shida!"

Kafin a jima kowane kwano ya faɗi tarihinsa ya koma hannun uwarsa. Muttaƙa, yana nan a tsaye bai motsa ba, ya ce ta cikin haƙora, "Kun gani? Ba asara."

"Rufe mana baki!" in ji Gwaggo Hindatu. "Ƙaron nan da harshenka za ka lashe shi."

Sai Sule ya fito daga rumfa yana kakkaɓe tabarma. "Ni duk wannan bai dame ni ba. Ina alluraina?"

Aka duba ƙasa, aka tankaɗe dusa, aka juya ƙyallaye. Aka sami huɗu. Kowa ya juya ya kalli Kumandan, wanda yake tsaye yana tuƙa, ja da koren ƙyalle yana leƙowa a gefen bakinsa.

Wani mahauci ya matso ya latsa cikin ragon, ya girgiza kai. "In dai ya haɗiye takwas, ni ba zan yanka wa mutane shi ba. Wa zai ci naman da ake tauna da tsoro? Ƙila ma ba zai kai safe ba."

"To a yanka yanzu a duba cikin," in ji wani.

"A yanka yau, gobe a raɗa wa yaro suna da me?" in ji Hammadu. "An gayyaci mutane tun daga Kwaya. Ni ba ni da wani ragon."

Inna Ɗela ta zauna a kan turmin mai fura, ta ɗora hannu a ka. Wata huɗu tana hana kanta don ta ciyar da shi. Jikanta na fari ne namiji. Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

Muttaƙa yana tsaye, gumi yana bin gemunsa.

"Kai kuma ka tsaya mana a ka kamar turken doki," in ji Gwaggo Hindatu. "Zauna mana!"

"Fe-De-Je ba ya zama a bakin aiki, Gwaggo."

"Zo ka kama ragon nan a buɗe bakinsa," in ji Hammadu.

Muttaƙa ya yi taku ɗaya, ƙafa a ware kamar agwagwa, ya tsaya. Ya dubi kasuwa, kowa da ya sani yana nan. Ya dubi Inna. Ya sake duban kasuwa.

"Inna," ya ce a hankali, "daina kuka. Rago bai ci ba."

"Ya aka yi ka sani?"

"Suna wurina."

"To fito da su mana!" in ji Sule. "Suna aljihu?"

"A'a."

"Suna ina?"

"Suna... reshen kamfani na baya."

Sai mai tallan nono ta leƙa bayansa, ta ajiye ƙwaryarta a hankali don kada ta zubar, sannan ta fashe. Dariyar ta kama kamar wutar kara. Mahauci ya faɗi a kan buhun gyaɗa. Tela daga Dungas ya riƙe ginshiƙin rumfa yana neman numfashi. Inna kanta, da hawaye a fuska, ta rufe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa.

Aka shigar da shi rumfar Sule a ɗauke, rub da ciki. Maza biyu suka riƙe zane suka kare ƙofa. Sule ya sa tabarau, ya ɗauko ɗan hantsakin da yake cire zare da shi.

"Muna da huɗu," ya ce da ƙarfi. "Bisimillahi."

"Wayyo!"

"Biyar!" in ji Sule.

"Biyar!" kasuwa ta amsa daga waje.

"Wayyo Inna!"

"Shida!"

"Shida!"

Masu kara suka bar ciniki suka zo. Mai fura tana buga ludayi a ƙwarya duk lokacin da aka ƙirga. A ta tara Muttaƙa ya yi rantsuwa ya bar kasuwanci har abada. A ta goma ya ce gobe zai koma gona. A ta sha ɗaya ya kira sunan kakarsa da ta rasu tun bai yi wayo ba.

"Sha ɗaya!"

Sai ƙirga ta tsaya.

"Saura ɗaya," in ji mahauci. "Ɗaya ma ta isa ta kashe mutum a cikin nama. Sai an gan ta."

Sule ya gyara tabarau ya shiga nema. Ya latsa nan, Muttaƙa ya yi ihu. Ya latsa can, Muttaƙa ya yi ihu.

"Nan ne?"

"Ko'ina ne, Baba! Ko'ina!"

"To ka daina motsi, wataƙila ta nutse."

Aka kawo fitilar salula. Aka kira wanzami ya ba da shawara, ya ce a ɗan tsaga a gani. Muttaƙa ya ce shi ya yafe suna, ya yafe rago, ya yafe Mallawa. Har inuwa ta juya ana abu ɗaya. Daga baya Sule ya fito shan iska, jiƙe da gumi, ya tsuguna a bakin rumfa.

Gwaggo Hindatu ta ƙura masa ido. Ta matso. Ta ƙara matsowa.

"Sule, tun muna ƴan mata allura ɗaya nake gani a hularka."

"Haka ne."

"To yau biyu ce."

Sule ya cire hula ya duba. Ga tsohuwar, ga sabuwa kusa da ita, da guntun zaren da ya ɗinke fasasshen matashi da shi.

"Af," ya ce. "Hannu ne ya yi abin da ya saba."

"Sha biyu!" Kasuwa ta ɗauka gaba ɗaya. Gwaggo Hindatu ta rangaɗa guɗa, mata suka amsa, Hammadu ya rungume Kumandan, Kumandan ya ture shi.

Daga cikin rumfa wata ƙaramar murya ta ce, "Baba Sule, Allah ya isa."

Yinin nan Muttaƙa ya ƙare shi a bakin tukunyar ruwan zafi, a durƙushe, yana kankare ƙaro da shuɗin fenti daga kwano arba'in da ƴan kai, kowace mace tana tsaye a kansa har sai shaidarta ta fito. Washegari aka raɗa wa yaro suna Mahamadu, aka yanka Kumandan, ba a sami komai a cikinsa ba sai dusa da rabin ƙyallen atamfa. Gwaggo Hindatu ta yanke hukunci cewa Fe-De-Je ne zai kai rabo gida-gida. Ya kai, yana tafiya kamar mai tsallake kwata, a kowane gida sai an ce masa, "Sannu da zuwa, ga tabarma, zauna mana."

Da azahar maza suka zauna cin nama a ƙofar gida. Shi yana tsaye, jingine da bango ta kafaɗa. Sule ya miƙa masa tsoka.

"Gaskiya ɗaya ce, ɗan nan, na yarda da sana'arka. Shekara talatin ina ɗinki ban taɓa ganin matashin da ya riƙe allura bakwai, aka yi ta gudu da faɗuwa, ko ɗaya ba ta zube ba."

Muttaƙa ya gyara hularsa mai baki, ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya.

"Kun ji da kunnenku. Bakwai bisa sha biyu. Ko a lakwal aka kai wannan, ai an ci jarrabawa."

Daɗin maganar ya kwashe shi, ya manta, ya zauna.

An ce har a kara an ji ihunsa.